Jan da Ishaya Danja Ya Ƙi Wucewa

In ka tambayi duk wanda ya yi aiki a masaƙarmu ta Challawa wane ne Ishaya Danja, sai ya yi dariya tukuna kafin ya ba ka amsa. Ni Mamman, da na yi shekara da shekaru injina yana kallon nasa, dariyar ta daɗe da fita raina. Mutumin kudancin Kaduna ne, daga wani ƙauye a bayan Zonkwa, ni kuma daga ƙasar Ringim na zo. Kusan tare aka ɗauke mu aiki muna samari, a sashen buga atamfa. Dogo ne siriri, ba ya son hayaniya, kuma wallahi ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. A gaban idonsa nake faɗa masa, shi kuma ya ce, "Mamman, kai dai bakinka ba birki."

A kamfani ya samo sunan Danja. Kowane inji yana da jar fitila a kansa. In yadi ya naɗe a rola, ko wani abu ya sarƙe, sai fitilar ta kama, injin ya tsaya, a jira injiniya. To jiran nan ne ba ma so, don oga ba ya tambayar dalili, yadi kawai yake son gani. Sai ma'aikata suka ƙirƙiro dabara: a cusa ɗan katako a makunnin, a kife hula a kan fitilar don kada a hango ja daga ofis, inji ya ci gaba da gudu. Muna ce wa abin an sa wa inji hula. Kowa yana yi, har shi Ishayan, sai ranar da rola ta kama hannun Ado, abokin aikinmu ɗan Kumbotso. Ishaya ne ya fi kusa da shi. Shi ya kashe injin, shi ya riƙe Ado a bayan motar kamfani har asibiti, ya dawo rigarsa jina-jina. Ado ya rayu, amma daga gwiwar hannu zuwa ƙasa babu komai a damansa.

Tun daga ranar, in ja ta kama a injin Ishaya, sai ya ja da baya ya harɗe hannu. A zage shi, a yanke masa albashi, a ce za a kore shi, shi dai maganarsa ɗaya ce: "Ja ba ta kamawa a banza. Injiniya zai zo." Kuma a wancan zamanin injiniya yana zuwa ɗin, ko da an daɗe. Abin ya bi shi har titi. Na taɓa ganinsa a kan kekensa ya tsaya a danja da tsakar rana, babu mota ko ɗaya, 'yan acaɓa suna wuce shi suna masa ihu. Ya dafa ƙasa da ƙafa ɗaya yana jira, ko a jikinsa.

Sai kuma masaƙa ta mutu. Ba mu kaɗai ba, Challawa da Sharada da Bompai haka kamfanoni suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wutar lantarki babu, baƙin mai ya yi tsada, ga atamfar waje ta cika kasuwa da arha. Wata Litinin muka zo aikin safe muka tarar da kwaɗo a get, shi ke nan. Ni na samu wani Alhaji ya ba ni adaidaita sahu ina ja. Ishaya ya samu gadin rana a wani sito a Bompai, wanda da can kamfanin alewa ne. Ka san abin da ake ajiyewa a ciki? Dilolin atamfar wajen nan da ta kashe mu! Shi ke buɗe musu get su shiga da ita. Na ce masa, "Ishaya, ba ka jin haushi?" Ya ce, "Haushi ba ya cika tukunya. Bari Dabora ta gama karatu."

Dabora ita ce babbar 'yarsa, kuma a kanta gidan nan ya ɗora komai. Ɗaki biyu suke haya a Hotoro, matarsa Rut tana suyar ƙosai a bakin layi, ga ƙananan yara. Yarinya ce mai ƙwaƙwalwa da sanyin hannu. Ko yankewa na yi wajen gyaran adaidaita, in na biyo ta gidansu ita ke wanke min ta ɗaure, tana min faɗa: "Kawu Mamman, ku daina shafa man birki a ciwo!" Tun tana firamare take cewa nas za ta zama. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, aka ce ga wata makarantar koyon aikin jinya can kudancin Kaduna, wajen garinsu Ishaya, tana ɗaukar ɗalibai.

A shekarar, 2008 ke nan, makarantar ta ce ta daina karɓar takarda. Sai dai ka je banki ka sayi kati irin na kankarewa, ka shiga shafinsu a intanet, ka zuba lambar da ke ƙarƙashin azurfar, sannan su karɓi sunanka. Kuma sun sa ranar rufewa, ƙarshen wata. Ishaya ya sayar da kekensa ya sayi katin nan. Ya zura shi a robar tsohon katin shaidarsa na masaƙa, ya sa a aljihun gaba, ya kama bakin aljihun da fil. Daga ranar a ƙafa yake zuwa Bompai.

Wata Asabar da la'asar na ɗauko shi da Dabora na kai su kafen intanet na Sagir, nan cikin Hotoro. Sagir magidanci ne mai haƙuri, tsohon ma'aikacin ofis a wani kamfanin fata, shi ma rufewa ce ta koro shi. Janareta yana ruri a waje, fanka tana kaɗa zafi, samari sun cika kujeru. Dabora ta zauna ta rubuta adireshin makarantar kamar yadda yake a bayan katin. Muka tsaya a kanta muna jira, don intanet ɗin lokacin sai ka yi gyangyaɗi kafin shafi ya buɗe. Da ya buɗe, ba makaranta muka gani ba. Wani farin shafi ne da tambarin garkuwa ja jawur a sama, sai rubutun Turanci, sai layi biyu a ƙasa, ɗaya da alamar kore, ɗaya da ja.

Dabora ta kai hannu za ta latsa. Ishaya ya riƙe mata wuyan hannu. "Tsaya. Me ya ce?"

Ta ce, "Baba, cewa ya yi akwai matsala da takardar shaidar tsaron shafin. Wai mai yiwuwa wani ne yake son ya yaudare mu, ko ya kwashe abin da za mu rubuta. Koren ya ce a rufe shafin. Jan ya ce a ci gaba, amma ba ya ba da shawarar haka."

Na dubi fuskar Ishaya. Na san wannan fuskar, ita yake yi a gaban inji.

Na kira Sagir. Ya leƙa ya ce, "A'a, wannan ai agogo ne, Baba. Batirin cikin kwamfutar ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta sai ta koma shekarun baya, ta rikice." Ya gyara kwanan wata, ya sake buɗewa. Ja ta dawo. Ya canja mana kwamfuta, ja. Ya ɗan yi dube-dubensa, sannan ya ce, "To ba daga nan ba ne, daga can ne. Kowane shafi irin wannan yana da takardar shaida da ke nuna shi ne na gaskiya, kuma tana ƙarewa kamar lasin mota. Tasu ta ƙare, ba su sabunta ba. Shafin nasu ne. Tun shekaranjiya mutane suke latsa jan suna wucewa, ba wanda ya dawo da kuka."

Na ce, "Ka ji ko? Ni nan takardun adaidaitata sun ƙare tun bara, ba ita ta kawo ka nan lafiya ba?"

Ishaya bai ko kalle ni ba. Ya ce wa Sagir, "Malam Sagir, in ɓarawo ne ya kafa shafi irin nasu, me kwamfutar za ta nuna?"

Sagir ya ce, "Haka za ta nuna."

"To ta yaya ka bambanta?"

"Adireshin daidai yake, Baba. Kuma na duba, sunansu ne a takardar, kwanan wata ne kawai ya wuce."

"Za ka rantse cewa in yarinyar nan ta zuba lambarta, makaranta za ta je ba hannun wani ba?"

Wayyo Sagir! Da ma maƙaryaci ne, da yau ba wannan labarin nake ba ka ba. Ya ce, "Baba, ni ba zan rantse da Allah a kan abin da ban gani da idona ba. Amma da 'yata ce, latsawa zan yi." Don ya kwantar masa da hankali, ya latsa jan da kansa. Shafin makarantar ya fito sarai, da hoton gininsu da 'yan mata cikin fararen kaya. Amma layin adireshi na sama gaba ɗaya ya rine ya koma ja. Ishaya ya nuna shi da yatsa ya ce, "Ka ga? Ka sa masa hula ne kawai." Ya dafe aljihunsa ya fita.

A gaskiya ba hauka yake yi ba. A cocinsu an taɓa yi wa wani yaro haka, ya zuba lambar katin jarrabawa a wani shafin bogi, da ya je na gaskiya aka ce an riga an yi amfani da ita. Ishaya yana wurin uwar yaron take kuka. Kuma shi kati ɗaya gare shi, keke ɗaya ya sayar, babu na biyu. Duk na san wannan. Amma na san wata yana ƙarewa.

Muka shiga yawo. In ya tashi daga gadi na ɗauke shi, mu tafi wani kafen, wai ko kwamfutocin Sagir ne masu ciwo. Muka je na Bompai kusa da wurin aikinsa, ja. Muka tsallaka har Sharada, wani kafe mai sanyin na'ura da sababbin kwamfutoci, ja. Wani mai kafe ma dariya ya yi mana, ya ce wai yana da wata tsohuwar kwamfuta da ba ta nuna jan, ɗan akwatin rubutu kawai take fitarwa a latsa a wuce. Na ji daɗi, na ce mu je ga ta. Ishaya ya ce, "Wato wadda aka cire wa fitilar." Kai, ranar kamar in ajiye shi a titi.

Ya koma bankin da ya sayi katin. Suka ce su sayarwa kawai suke, ya tuntuɓi makaranta. Ya je wurin mai wayar haya a ƙarƙashin laima ya buga lambar da ke bayan katin. Sai da ya yi ta bugawa kafin wata mata ta ɗauka. Ya yi mata bayani tiryan-tiryan, cikin ladabi, cewa shafinsu yana nuna ja. Ta ce ita ba ta san wannan ba, komai yana intanet, ya je intanet. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ku gaya wa injiniyanku." Ta ce to, ta kashe. Ya dawo adaidaita fuskarsa a sake, ya ce min, "Na sanar da su. Za su gyara."

Rut ta roƙe shi. A gabana ta ajiye matsamin ƙosai ta ce, "Baban Dabora, 'yar maƙwabta ta yi nata tun makon jiya, har ta buga takardarta ta kawo gida. Ka ba yarinyar nan katinta." Ya ce, "Don wani ya tsallake rola bai rasa hannu ba, ba shi ke nuna rola ba ta ci ba." Dabora ba ta iya musu da ubanta. Ta same ni a waje, idonta ya kumbura, ta ce, "Kawu, ku yi masa magana, ku yana jin taku." Ina fa yake jin tawa!

Ranar ƙarshe, Juma'a ce, ina saukowa daga masallaci na wuce Bompai na same shi a bencinsa na gadi. Ban yi sallama mai daɗi ba. Na ce, "Ishaya, yau ake rufewa. Tashi mu tafi."

Ya ce, "An gyara?"

"Ba a gyara ba, kuma ba za a gyara ba! Wa zai gyara? Kana ganin akwai wani injiniya da ke tafe da akwatin sifana? Wannan ba masaƙa ba ce, masaƙa ta mutu, ga abin da ya kashe ta nan kana gadi! In an sace lambar, ni zan sayar da abin da na mallaka in saya mata wani."

"Me ka mallaka, Mamman? Adaidaitar ma ta Alhaji ce."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi min zafi. Na ce masa mugu, na ce masa zai kashe 'yarsa da tsoro. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Laifin nasu ne, ba namu ba. In inji ya tsaya saboda ja, ba a ɗora wa ma'aikaci. Dole su ƙara lokaci." Ya faɗe ta da dukan zuciyarsa, ya yarda da ita kamar yadda ya yarda da addu'arsa. Na yi tunanin in kama shi da kokawa in fizge katin. Na dubi fil ɗin nan a bakin aljihunsa, na dubi furfurarsa, na kasa. Na tayar da adaidaita na tafi ina zaginsa har Hotoro.

Cikin makon da ya biyo baya Sagir ya tare ni a hanya ya ce an sabunta takardar, ja ta tafi. Na je na faɗa wa Ishaya ba tare da na kalli idonsa ba. Mutumin nan ya yi wanka ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya sa Dabora ta shirya, muka tafi. Shafin ya buɗe fes, babu garkuwa, babu ja, sai wani ɗan hoton kwaɗo a sama. Sagir ya ce wannan alamar lafiya ce. Ishaya ya juyo ya kalle ni yana murmushi, ya ce, "Ba na gaya maka ba?" Ya cire fil, ya zaro katin, ya karɓi makullin adaidaitata ya kankare azurfar a hankali, ya hure. Ya riƙa karanto lambar, Dabora tana latsawa.

Shafin ya juya, wani ɗan rubutu ya fito. Dabora ta karanta a zuciyarta, ta ɗora kai a kan tebur.

"Me ya ce?"

Sagir ne ya ce, "Baba, sun ce an rufe ɗaukar ɗalibai na bana."

Ishaya ya matso da fuskarsa kusa da gilashin kwamfutar, shi da ba ya karanta Turanci sosai, yana dubawa sama da ƙasa. Ya ce, "Amma ai babu ja yanzu." Ya sake faɗa, a hankali. Ya buga wa makarantar waya washegari, aka ce katin bana na bana ne, sai baɗi ya sayi wani.

Baɗin ba ta zo musu ba. Kafin shekara ta zagayo mai sito ya ɗauko kamfanin masu gadi da yunifom, ya sallami Ishaya. Ƙosan Rut kaɗai ba ya riƙe gida. Dabora ta samu aiki a wani kamfanin leda a Sharada, tana tsayawa a injin yanka da liƙewa, wai na ɗan lokaci kafin abubuwa su daidaita. Albashinta ne ya koma abincin gidan da kuɗin makarantar ƙannenta, kuma daga nan ba wanda ya ƙara tayar da maganar jinya. 'Yar maƙwabtan nan kuwa tana zuwa hutu da farar rigarta a jaka, in ta wanke ta shanya a tsakar gida, Ishaya sai ya tashi ya koma ɗaki.

Bai taɓa ce min ya yi kuskure ba, ni ma ban ƙara ce masa komai ba. Ya rame, ya daina musu, har na fara kewar taurin kan nasa. In na zolaye shi da sunan Danja sai ya yi kamar bai ji ba, don haka na daina.

In aikina ya biyo da ni Sharada da yamma nakan ɗauko Dabora. Wata rana tana zaune a baya, na tambaye ta ko injinta yana da fitila. Muna wuce shataletale ta ce, "Yana da ita, Kawu. Gwangwanin madara aka kife a kai, tun kafin in zo. In ka cire, ranar za ka bar aiki." Ta dafa kafaɗata ta ce, "Don Allah kada ku gaya wa Baba."

Ban gaya masa ba. Amma mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a gaban inji ba ya bukatar a gaya masa. Kullum da yamma yana zaune a kan benci a ƙofar gida, yana fuskantar bakin layi. In ta sauko daga adaidaita, kafin ta gaishe shi, kafin ta ajiye jaka, sai ya ce, "Dabora, mu ga hannu." Ta miƙa masa duka biyun. Ya juya su ciki da baya, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da babban yatsansa, sannan ya sake ta ta shiga gida. Gobe da safe kuma ta koma.